Kashin kaji: kurakuran da ke cinye mana akurki, su ɓata kwata, su ƙone lambu

A Zangon Kumasi da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka ga akurki a bayan ɗaki ba. Wasu kajin gida ne guda goma, wasu kuma sun ɗan faɗaɗa, suna da masu ƙwai ɗari biyu ko uku a wani fili can wajen Tafo ko hanyar Ejisu. Ni ma cikinsu nake, kuma ina da 'yan fangaloli na alefu da ayoyo da latas. Shekarun da na yi a wannan harka sun nuna mini cewa yawancin asararmu daga wuri ɗaya take fitowa, wato yadda muke yi da kashin kaji, tun daga ƙarƙashin ƙafar kaza har zuwa gindin shuka.

Mu fara da ƙasan akurki. Kumasi gari ne mai laima, damina biyu muke yi a shekara, kuma shimfiɗar da aka yi wa kaji ba ta daɗewa take jiƙewa. Mutane da yawa sai su tafi wurin masu katako, a Sokoban ko wani wurin, su ɗebo garin zarto mai laushi saboda ya fi araha. Wannan garin yana dunƙulewa da wuri, 'yan tsaki kuma suna tsattsagarsa su cika ciki da shi. Abin da ya dace shi ne ɓawon katako na injin fira, mai faɗi-faɗi, a zuba shi ya kai kaurin santimita 8 zuwa 10, a riƙa motsa shi da manjagara duk bayan kwana biyu ko uku. Gwajinsa ba wuya: damƙi shimfiɗar a hannu. In ta wargaje da ka buɗe hannu, lafiya. In ta tsaya curi guda, ta jiƙe, kwashe wurin, musamman kewayen mazubin ruwa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne kashin jini, ciwon da likitoci ke kira koksidiyosis. Ƙwayarsa tana fita cikin kashin kaza, amma ba ta iya kama wata kazar sai ta samu ɗumi da laima na kwana ɗaya ko biyu ta nuna. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce tukunyar da take nuna a ciki. Sai ka ga mutum ya sayi amfuroliyom ya ba kaji, sun warke, bayan mako uku abin ya dawo, yana cewa maganin jabu ne. Magani ya yi aikinsa, shimfiɗar ce ba a taɓa ba. Haka nan warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye in an buɗe akurki da safe, iskar amoniya ce. Ka tuna kai a tsaye kake, kaza kuwa hancinta na dab da ƙasa dare da rana. Iskar tana cinye maƙogwaronta, ta buɗe wa mura ƙofa. Masu lulluɓe akurki ruf da leda don tsoron sanyi su ne suka fi fama da wannan. A bar sama a buɗe iska ta ratsa.

Sai kuskuren da ya taɓa cin ni da kaina. Wata shekara gab da Sallah na ga zakara mai kyau a kasuwa, farashinsa ƙasa da na kowa, na saya na sake shi cikin kajina a daren. Cikin kwana goma na rasa fiye da rabinsu: koren zawo, numfashi da ƙyar, waɗanda suka rage wuyansu ya murɗe suna kallon sama. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Ɗana, kaza mai araha a lokacin hunturu ba a kai ta gida." Gaskiyarta, domin mai kaji in ya ga ciwo ya shigo, kasuwa yake nufa da sauran kafin su mutu. Ciwon nan shi ne Niyukasul, sunan wani gari a Ingila da aka gan shi a 1926, kuma ya fi ta'adi idan iskar hunturu ta kaɗa. Duk sabuwar kaza, ko ta kyauta ce daga ɗan'uwa, a keɓe ta mako biyu zuwa uku nesa da sauran, da mazubinta daban. Mai zuwa sayen ƙwai ko taki kuma ya tsaya a ƙofa, domin takalminsa ya taka akurki biyar kafin naka.

Niyukasul ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta. Kafson nan ja da rawaya da ake fasawa cikin ruwan kaji ba ya taɓa ta, haka barkono da ɓawon mangwaro. Ga kajin gida akwai rigakafin I-2, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk wata uku ko huɗu, ya fi sauran jure zafi, kuma ana tambayarsa a ofishin likitan dabbobi. Masu kajin gona kuwa da Lasota suka saba, kuma a nan ake tafka kuskure ba a sani ba. Rigakafin rayayyen abu ne. An sayo shi, an jefa a aljihu, an shiga tirotiro an yi awa biyu a cunkoson Kejetia, zafi ya riga ya rage masa ƙarfi kafin a iso. A ɗauko shi cikin ƙanƙara. Kada a dama shi da ruwan famfo kai tsaye, domin kilorin da ke ciki yana kashe shi, a yi amfani da ruwan rijiya mai tsabta ko a bar na famfo ya kwana a buɗe. A ɗauke wa kaji ruwa awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, sannan a ba su da sassafe, su shanye kafin awa biyu. Cutar Gumboro ma haka ake yi wa rigakafinta, ita da ke kama tsaki tsakanin mako uku zuwa shida, kuma ƙwayarta tana iya yin watanni a ɗaki. Shi ya sa zuba sabbin tsaki a kan tsohuwar shimfiɗa ganganci ne. A kwashe, a wanke, a fesa magani, a bar ɗakin ya huta mako biyu.

Magana ɗaya kan maganin ƙwayoyin cuta: kowane yana da kwanakin da aka rubuta a jikin ledarsa waɗanda ba a cin nama ko ƙwai sai sun wuce. Ƙwan da ka sayar wa mai shayi a cikin kwanakin nan, 'ya'yan unguwa ne za su ci.

Mushen kaza a kwata ko a bola, wannan kam kowa ya san ba daidai ba ne, amma ana yi. Kare da angulu da ɓera su ja shi, ciwon ya zagaya unguwa ya dawo gidanka. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, ko a ƙone. In kuwa kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, tukku da leɓatu sun yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka, kada a taɓa da hannu, kada a bar yara kusa, a kira likitan dabbobi. Waɗannan alamun murar tsuntsaye ne, wadda ta shigo Ghana a 2007 a wajen Tema, ta dawo a 2015 da 2021, kuma tana iya kama mutum.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ana share akurki, a tara kashin a bakin kwata a jira ruwan sama ya tafi da shi. To ina yake zuwa? Kwatocinmu rafin Aboabo da Subin da Sisa suke faɗawa, su kuma su gangara kogin Oda, inda mutane ke ɗiban ruwan suna ban-ruwan kayan lambu, kayan kuma su dawo kasuwa mu saya. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum zawo da dangoginta, sinadaran da ke cikinsa kuma suna sa gansakuka ta rufe ruwa kifi ya rasa iska. Ɓawon katakon da ke ciki yana toshe kwata, mu kuwa mutanen Aboabo ba sai an gaya mana abin da toshewar kwata ke jawowa a watan Yuni ba. Abin takaicin, masu lambu a wajen Gyinyase da bayan jami'ar KNUST nemansa suke yi buhu-buhu. Kuɗi ne ake zubarwa a kwata.

Sai dai kai shi lambu ɗanye ma wani kuskuren ne, kuma shi ya fi yawa tsakanin masu cewa su noman gargajiya suke yi ba ruwansu da takin zamani. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone saiwa, ganye ya yi rawaya daga baki. Ko bai ƙone ba, mai ban-ruwa yana watsa ruwa, ƙasa tana fantsama kan ganyen latas, latas kuwa ba dafa shi ake yi ba, yanka shi ake yi a ɗora kan waake, wato shinkafa da wake. A Amurka ƙa'idar masu noma ba sinadari ita ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas ɗinmu wata guda da 'yan kwanaki yake yi bayan dashe, lissafin ba ya fita ta kowace hanya.

Gyaran shi ne a ruɓar da shi, kuma tsibin da aka watsar a rana ba ruɓarwa ba ce. A samu inuwa, wuri mai ɗan tudu da ruwa ba ya kwanciya. A jera hawa-hawa: busasshiyar ciyawa ko karan masara ko ganye, sai kashin kaji, sai ɓawon rogo da na ayaba da ragowar kayan miya, har tsibin ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Ƙaramin tsibi ba ya ɗaukar zafi. A yayyafa ruwa daidai yadda in ka matse za ka ji danshi amma ba ya ɗiga. A soka ƙarfen rodi a tsakiya. Bayan kwana uku in ka zare shi ka kasa riƙewa, aiki ya kankama, zafin ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Gefen tsibi ba ya samun wannan zafin, don haka a juya duk mako, na waje ya koma ciki. A rufe da buhu ko ganyen ayaba saboda ruwan sama, in ba haka ba albarkar takin ta bi ƙasa ta tafi. Wasu suna zuba toka ko farar ƙasa a ciki wai don kashe wari. Warin ƙaruwa yake yi, kuma abin da shuka ke buƙata ne ke tashi sama. Toka a zuba ta a fangali daban.

Cikin wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. In kana shakka, cika gwangwani da shi gauraye da ƙasa, shuka wake biyar. Suka fito kore shar, kai shi lambu. Suka ƙi fitowa ko suka fito a ƙone, ƙara masa mako biyu. Kashin kajin da annoba ta kashe kuwa ba ya shiga wannan tsibin ko buhun mai saye, tare da mushen ake binne shi.

Na ƙarshe gajere ne, feshin darbejiya. Yana aiki a kan tsutsar kabeji da ɗarɓa, amma ba ganye biyu a bokiti ba, kuma ba da tsakar rana ba. Ƙarfin yana cikin ƙwallon: a daka busasshe kamar giram 50 ga lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, don haka duk mako ake maimaitawa, kuma wanda aka jiƙa yau gobe ake ƙarar da shi.