Yadda Ake Ɗaura Kwamfutar Keke Da Saita Ta

Ƴar kwamfutar da ake ɗaurawa a kan keke ba ta san gudu ba, ƙirge kawai ta iya. Duk lokacin da maganaɗisun da ke ƙafar gaba ya gifta ta gaban sansa, wato ƴar na'urar da ke jin giftawarsa, sai kwamfutar ta ƙirga juyi ɗaya, ta ninka da lambar kewayen taya da ka ba ta. In lambar nan ta karkace, gudu da nisa duk sun karkace, kuma a nan yawancin sababbin hannu ke faɗuwa.

Fara da ɗauri. Sansa a jikin fok, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da ƙafar gaba, ta ɓangaren da ke fuskantar gaba, don in wani abu ya buge ta ƙafar ta ture ta waje maimakon ta ja ta ciki. Maganaɗisu kuma a jikin ɗaya daga wayoyin ƙafar, daidai saitin alamar da ke jikin sansa, tazararsu kada ta wuce milimita 5. Kada ka ƙulle igiyoyin robar da ke riƙe da sansa tukuna. Ɗaga gaban keken, ka juya ƙafar, sai ka ga lamba ta motsa sannan ka tsuke. Tsakanin kwamfuta mai waya da mara waya, mai waya ta fi, ga araha ga batir ɗaya kacal. Naɗe wayar a jikin kebul na birkin gaba, ka bar mata sassauci yadda kan keken zai juya hagu da dama bai finciko ta ba. Mara waya kuwa, tsakaninta da sansa kada ya wuce santimita 70, kuma wasu fitilun LED suna rikita ta.

Sa batir, galibi CR2032 ne, ka danna ƙaramin maɓallin baya da tsinke, ka zaɓi kilomita tun yanzu, domin a kwamfutoci da yawa sauyawa daga baya sai an goge komai.

Sai kewayen taya. Takardar da ke cikin kwali tana da jadawali: taya mai lambar girma 26x1.95 a kan ba ta milimita 2050, 700x25C kuma 2105. Kintace ne kawai, kuma akwai tarko. Tayar tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix, mai 28x1½, tana zama a rim mai faɗin milimita 635, ita kuwa 700C da ake kira 28 ita ma, nata 622 ne. Bambancin kewayen rim ɗin ya kai milimita 41, wato kusan kilomita ɗaya ke nan a kowace tafiyar kilomita 50.

Saboda haka ka auna da kanka. Buga wa taya iska yadda ka saba hawa. Nemi daɓen siminti mai santsi, ka sa bawul a ƙasa tsaf, ka ja layi da alli. Hau keken, wani ya riƙe ka ya tura a miƙe har bawul ya dawo ƙasa sau uku, ka sake jan layi. Auna tsakanin layukan da tef na magina, ka raba uku. Dole ne ka hau, domin nauyinka yana danne taya ya rage kewayenta. Tayar da maganaɗisu ke kai za ka auna, ba ta baya ba. Kafin ka shigar, duba gurbi nawa fuskar ta nuna: huɗu milimita ne, uku kuwa santimita, don haka 2050 ya zama 205.

Agogo ba wuya, maɓalli ɗaya yana sauya lamba, ɗayan yana matsawa gaba. In gudu ya tsaya a sifili kana tafe, maganaɗisu ne ya goce ko ƙura ta rufe ƙarafan da ke ƙasan kwamfutar, sai ka goge. Rubuta lambar taya da jimillar kilomita kafin canjin batir, kuma ka sake awo duk ranar da ka canja taya.