Kurakuran da Aka Fi Yi a Sana'ar Tallata 'Yan Fim, Mawaƙa da Marubuta

Yawancin masu wannan sana'a a Kano da Kaduna da Jos ba da niyya suka shige ta ba. Abokinka ne ya yi waƙa, ko ƙanwarka ta buga littafi, aka ga kana da mabiya a Facebook kuma ka san 'yan jarida biyu ko uku, sai aka ce ka taimaka a ji labarin. Ka yi, abu ya yi kyau, wani ma ya nemo ka. Kafin ka ankara ka zama jami'in hulɗa da jama'a na mutum huɗu, amma aljihunka bai shaida ba, domin har yanzu da zumunci kake aiki alhali abin ya zama sana'a.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne aiki ba rubutu. Furodusa zai dafa kafaɗarka ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai mun zama ɗaya, bari fim ya fita a sallame ka." Fim zai fita, amma kuɗin YouTube ba rana ɗaya suke zuwa ba, in sun zo kuma akwai mai kyamara da edita da jarumai a layi gabanka. Kai ne na ƙarshe da za a tuna, tunda aikinka ba ya fitowa a allo. Maganin abin takarda ce shafi ɗaya: sanarwa nawa za ka rubuta, hira nawa za ka nema, mako nawa aikin zai ɗauka, nawa ne kafin alƙalami, sauran kuma wace rana za a biya. Rana ta kalanda, ba "in Allah ya hore" ba. Wanda ya ce rubutun rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take. Kuma ka raba ladan aikinka da kuɗin kashewa. Hayar zaure, lokacin rediyo, fosta da mai hoto duk na wanda ya ba ka aikin ne. In ka haɗa su a farashi ɗaya, duk abin da ya tashi a kasuwa daga ribarka zai fita.

Sai alƙawarin abin da ba ya hannunka. "Zan sa ka a BBC Hausa" magana ce mai saurin kawo ciniki, amma edita ne ke yanke abin da zai shiga, ba kai ba. Talla ake saye. Labari sai ya cancanta. Ka yi alƙawarin wanda za ka tuntuɓa da abin da za ka kai masa, kada ka yi na sakamako.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sanarwar manema labarai. Za ka ga an fara da doguwar sallama, sai godiya ga iyaye da masoya, sai kirari: fitacce, shahararre, gagarabadau, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ranar taron tana can a sakin layi na huɗu, wurin taron kuma an manta da shi gaba ɗaya. Sannan a tura wannan saƙo ɗaya ga mutum ɗari a WhatsApp. Ɗan jarida yana da labarai da yawa a gabansa, layin farko kawai zai duba. To layin farkon ya ɗauki labarin. Misali: "Ranar Asabar za a ƙaddamar da littafin wata malamar firamare da ta tattara waƙoƙin niƙa da na daɓe daga bakin tsofaffin garinsu." Wannan zai sa a kira ka, domin akwai abin tambaya a ciki. Ka bi shi da wuri da lokaci, da maganar mai littafin jimla biyu, da lambar da za a kira a ɗauka. Hoto kuma a tura shi a matsayin fayil, don in aka tura shi kai tsaye manhajar na rage masa kyau har ya gagari bugawa.

Kowace kafa da abin da take so. Gidan rediyo irin Freedom, da ke watsa shiri a Kano tun 2003, murya yake nema, don haka mawaƙin ya zo a shirye ya yi magana, ba ya zauna yana "haka ne, haka ne" ba. Tashar talabijin ta Arewa24 na buƙatar abin da ido zai gani. Jaridar Aminiya da mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, suna son bayani mai zurfi. Kuma masu kallon fim ɗin Hausa ba a Najeriya kaɗai suke ba. A Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana akwai gidajen rediyo da shafukan da 'yan talla ba su cika tunawa da su ba.

Maganar "kuɗin mota" ba sai an ɓoye ba, kowa ya san ana bai wa 'yan jarida. A ganina wanda ya gina sana'arsa a kan ambulan bai gina komai ba, domin gobe wani zai ba da wanda ya fi nasa kauri. Abin da ke sa ɗan jarida ya ɗauki wayarka shekara da shekaru shi ne bai taɓa kama ka da ƙarya ba, kuma in ka ce baƙo zai zo ƙarfe huɗu, zai zo.

Lokaci ma ana wasa da shi. A saki waƙar soyayya a tsakiyar azumi, hankalin jama'a na kan tafsiri, ko a sa ranar ƙaddamar da littafi ana saura mako ɗaya zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya: marubucin da kake son a gani a bikin littattafai na KABAFEST, da aka fara a Kaduna a 2017, watanni kafin bikin za ka fara neman masu shirya shi.

Takardu kuwa kada ka jira sai an tambaya. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan, don ƙungiyoyi da cibiyoyin al'adu ba sa son tura kuɗi asusun mutum. Dokar 1990 ta ɗora wa cibiyar NIPR alhakin yi wa masu aikin hulɗa da jama'a rajista a Najeriya. In kuma fim za ka tallata a Kano, ka ga shaidar hukumar tace fina-finai da idonka kafin ka saki tirela, wato ɗan guntun bidiyon tallan fim ɗin. In aka dakatar da fim, sunanka na cikin waɗanda suka yaɗa shi.

Ranar da rigima ta tashi ake gane gwani. Bidiyo ya fita, ko mawaƙa biyu sun fara habaici, jarumin ya ɗauki waya tsakar dare zai mayar da martani. Aikinka na farko shi ne ka hana shi. Ka ji gaskiyar abin daga bakinsa, ku fitar da magana ɗaya gajera, mutum ɗaya ya riƙa amsa tambaya. Kada ka zama sojan baka kana zagin abokin faɗansa a shafinka. Masana'antar ƙarama ce, su za su shirya a wurin biki, kai kuma ka rasa ciniki.

Dogaro da tauraro ɗaya ma haɗari ne, domin ranar da ya ɗauko ƙaninsa ya ba shi aikin, ka koma farko. Abin da ke kawo sabon ciniki shi ne shaida. Duk aikin da ka gama, ka haɗa rahoto: jaridar da ta buga da ranar, shirin da aka yi hira, hoton zauren taro, yawan littafin da aka sayar a wurin. Ka ba mai aiki kwafi tare da takardar neman cikon kuɗinka, ka ajiye ɗaya don wanda zai zo gobe ya tambaye ka me ka taɓa yi.