Yadda ake haɗa na'urar cajin batirin litiyam mai ƙwaya uku

Da yawa daga cikin masu haɗa batir sukan farke tsohon batirin laftof, su ciro ƙwayoyin litiyam da ke ciki, waɗanda ake kira 18650, su jera uku, su manna allon kariyar batir da ake kira BMS, sai su ɗauka aiki ya kammala. Da sauran aiki. BMS mai gadi ne kawai, yana yanke wuta idan ta wuce ƙa'ida. Abin da ke tsara shigar wutar daban ake haɗa shi.

Fara da lissafi. Kowace ƙwaya tana cika a 4.2V, don haka uku a jere 12.6V ke nan, kuma kada a ƙetare wannan adadi ko kaɗan. Ƙarfin caji kuwa rabin abin da ƙwayar ke ɗauka ya isa: mai 2,000mAh a ba ta 1A. Kafin ka jera su, auna kowacce da mita. Wadda ta faɗi ƙasa da 2.5V, a ganina ajiye ta gefe ya fi.

Sai tushen wuta. Cajar laftof mai 19V ta dace, domin dole wutar da ke shigowa ta ɗara wadda ake son fitarwa. Haɗa ta da allon rage wuta na XL4015, irin mai maɓallan murzawa na bolt da na amfiya. Akwai mai maɓalli ɗaya tak. Wannan ba ya kayyade amfiya, kada ka saya don caji.

Saitin nan shi ne zuciyar aikin, kuma ana yin sa ne batir bai shiga layi ba. Ɗora mita a bakin fita, ka murza maɓallin bolt a hankali har ya tsaya a 12.6V. Sannan mayar da mita ma'aunin 10A, ka taɓa bakunan biyu na ɗan lokaci, ka daidaita 1A. Dalili kuwa, litiyam kashi biyu yake shan caji. Da farko amfiya ce ke tsaye, bolt na hawa. Da ya kai 12.6V sai bolt ya tsaya, amfiya ta riƙa sauka. Idan ta kai kashi ɗaya cikin goma, wato 0.1A, batir ya cika, sai a cire. Allon XL4015 ba ya kashe kansa, kada a bar shi ya kwana a wuta.

Yanzu BMS. Zaɓi na 3S, wato na ƙwaya uku a jere, mai daidaita ƙwayoyi, ka liƙa wayoyinsa da dalma bi da bi daga B- zuwa B+. Sa fis a wayar fita.

Idan wayar salula za ka yi wa caji, ƙara allon rage wuta na LM2596 ka saita shi a 5V.

A kula da zafi. Ba a cajin litiyam sama da digiri 45, kuma a Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yakan haura 40 a inuwa. Huda akwatin da za ka sa batirin a ciki iska ta ratsa, kuma a cajin farko ka riƙa taɓa ƙwayoyin. Wadda ta fi sauran ɗumi, canza ta.