Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da "raba" da danginta

Kalmar "raba" tana nufin kasa abu kashi-kashi domin kowa ya sami nasa, amma ma'anarta takan sauya gwargwadon abin da ya biyo bayanta, kuma a nan ne masu rubutu da yawa suke tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗe "raba wa" ta koma "rabawa". Idan an ambaci wanda aka ba kason, "wa" kalma ce mai zaman kanta, don haka daidai shi ne a rubuta "ya raba wa magada dukiya". Ita kuwa "rabawa" ana kawo ta ne idan ba a ambaci abin da ake rabon ba a bayanta, kamar "dukiyar ce ake rabawa". Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a musanya sunan da "musu": idan jimlar ta karɓi "ya raba musu", to lallai a ware "wa". Wannan kuskure ya zama ruwan dare har a kanun labarai, abin da yake damuna ƙwarai, domin daga can ɗalibai suke kwaikwayo.

Na biyu ya fi haɗari, saboda yana juya magana gaba ɗaya. "An raba masa gona" bayarwa ce, "an raba shi da gona" kuwa ƙwacewa ce, kuma mai rubuta takardar shaida bai kamata ya yi sakaci da wannan ba.

Akwai kuma cakuɗa "rabo" da "kaso". Kaso yanki ne ƙayyadadde, kamar sumunin da matar mamaci take samu idan ya bar ɗa, wato kashi 1 cikin 8 kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. Rabo ya fi haka faɗi, domin yana ɗaukar aikin rarrabawa, da abin da Allah Ya ƙaddara wa mutum, kamar a karin maganar "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", har ma da tsawon rabuwa, kamar "rabona da shi tun bara". Inda ake lissafin gado ko riba, a zaɓi "kaso" domin a kauce wa shubuha.

Wanda yake roƙon a ɗiba masa kaɗan daga abin da ke hannun wani kuwa, "sam mini" zai rubuta a ware, ba "samo mini" ba, wadda take nufin a je a nemo masa daga wani wuri.