Ranar 19 ga Yuni: abin da sabon zuwa Amurka ya kamata ya sani

Ɗan'uwa, idan watan Yuni ya riske ka a Amurka, kada ka shirya zuwa banki, gidan waya ko ofishin shige da fice ranar 19 ga wata. A rufe za ka tarar da su. Ita ce ranar Juneteenth ta tunawa da ƙarshen bauta, hutun gwamnatin tarayya tun 2021 da Shugaba Joe Biden ya sa wa dokar hannu. In ta faɗo Asabar, Juma'a ake hutawa. In Lahadi ce, Litinin. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa kowa da tsarinsa, don haka tambayi shugabanka a wurin aiki kafin ka yi zamanka a gida.

A ranar 1 ga Janairun 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. To amma ana tsakiyar yaƙin basasa, shela ba ta da ƙarfi a inda sojan gwamnati bai taka ba, ga Texas can nesa. Sai ranar 19 ga Yunin 1865 Janar Gordon Granger ya ba da sanarwa a garin Galveston na Texas cewa bauta ta ƙare. Mutum wajen 250,000 suka ƙara shekara biyu da rabi suna aikin banza bayan an 'yanta su a takarda. A 1872 'yantattun bayi a Houston suka yi karo-karo suka sayi fili don su samu wurin bikin da babu mai korarsu. Filin yana nan har yau, ana ce masa Emancipation Park.

Shawarata ita ce ka je, ka kuma tafi da yara. Da yawa daga cikinmu mukan ce wannan sha'anin baƙaƙen fatar Amurka ne, mu neman abinci ya kawo mu. Ni ban yarda ba. Kafin 1965 dokar shige da fice ta fifita Turawan arewacin Turai, ɗan Afirka da kyar yake samun shiga. Guguwar neman 'yancin baƙar fata da ta haifi dokokin hana wariya na 1964 da 1965 ita ce ta taimaka aka rushe wannan tsari. Bizar da ke cikin fasfonka akwai gumin waɗannan mutane a jikinta. 'Yan Nijar mazauna Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa ba sai sun yi nisa ba: a tsakiyar garin ne ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a teburin cin abincin kantin Woolworth da aka keɓe wa farar fata ranar 1 ga Fabrairun 1960 suka ƙi tashi, wurin kuma yanzu gidan tarihi ne.

A wurin biki za ka ga fareti, kiɗa, jawabai, rumfunan 'yan kasuwa, da jan abin sha ko'ina. Wasu masana na danganta jan da zoɓo da goron Yammacin Afirka, saboda haka in an gayyace ka gida, gorar zoɓo mai citta tsaraba ce da za ta buɗe hira. Gasasshen nama fa a yi hattara, yawancin haƙarƙarin da ke kan wuta na alade ne. Tambaya ba abin kunya ba ce a wurinsu, musamman da yake akwai Musulmi da yawa a cikinsu, kuma ba jiya suka fara ba: Umar ɗan Sa'idu, malamin Futa Toro ta yankin kogin Senegal da aka bautar a Karolina, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831.

Sai harshe. Wasan "bawana" da muke yi tsakanin taubasai ka bar shi a gida. Kada ka yi taƙamar cewa kai ka san asalinka, su ba su san nasu ba. Ƙwace musu aka yi. Mu ma ba mu da bakin alfahari, don Nijar sai 2003 ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ka fi sauraro a kan magana, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton tsofaffi.

In Yuni ya wuce ka, watan Fabrairu gaba ɗayansa na tarihin baƙar fata ne, makarantar yaranka ma za ta aiko da aikin gida a kansa. Mutanen Bronx ta birnin New York kuma su jira Satumba, lokacin babban faretin unguwar Harlem da ake yi tun 1969. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya zai kai ka.