Yadda za ka yi binciken masta a saikoloji da yaran Gombe ba tare da ka kwaso gwajin turawa ka juye musu ba

Duk wanda ya shiga masta ko digirin digirgir a saikoloji a yankin nan namu ya san hanyar da aka saba, a samo take mai tsawo, a buga kwashiniya ɗari uku a shagon fotokofi, a raba wa ɗalibai su cike, a kai wa wani ya saka a SPSS, manhajar lissafin bayanai, shikenan an gama. Ba raina wannan nake ba, amma in abin da kake so ka gano shi ne yadda tunanin yaro ke girma, ko yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu ta kuma manta shi, toh kwashiniya ba za ta kai ka ba, dole ka zauna da mutum ɗaya bayan ɗaya ka gwada shi da kanka. Wannan hanyar ta gwaji ita ce Wilhelm Wundt ya buɗe wa ɗakin bincike a Leipzig ta Jamus a 1879, kuma har yau ita ce ƙashin bayan fannin.

Fara da tambaya ƙarama. Wlh yawancin furofozal ɗin da sufabaiza ke dawowa da su girman tambayar ne ya kashe su, mutum ya ce zai binciki tasirin talauci kan basirar yaran Arewa maso Gabas gaba ɗaya alhali kuɗin mashin zuwa Kumo ma sai ya yi lissafi. Rage ta har sai ta koma abin da za ka faɗa a numfashi ɗaya: shin yaron da ya shekara biyu yana hadda ya fi sa'ansa riƙe jerin kalmomi, ko kuwa fifikon nasa a kan karatun da ya saba kaɗai yake? Irin wannan tambayar tana da tushe, domin a shekarun 1970 Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi aiki da ƙabilar Vai a Laberiya, suka ga masu karatun Alƙur'ani sun fi iyawa a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya ana maimaitawa daga farko, wato dai salon hadda, amma ba a kowane irin gwajin tunawa suka yi fice ba. Kaga kai da ke zaune kusa da tsangayu a Bolari ko Pantami ka fi wanda ke Landan damar ɗorawa a kan wannan. Kuma kar ka ji tsoron wai ba a taɓa yi a nan ba, ai shi ne ribarka. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya fitar a 2008 ya nuna kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a manyan mujallun saikoloji daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Abin da littafinka ke kira "yaro" sau da yawa yaron Amurka yake nufi.

Sai zaɓen gwajin, kuma a nan nake so in daɗe don a nan ake faɗuwa.

Ɗauki gwajin riƙe lambobi, wanda za ka karanto jerin lambobi yaro ya maimaita, kana ƙara tsawon jerin har ya kasa. Kowa ya haddace maganar George Miller ta 1956 cewa mutum na riƙe abu bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Amma daga baya Alan Baddeley da abokan aikinsa sun nuna a 1975 cewa tsawon kalma na rage yawan abin da za a riƙe, sannan a 1980 Ellis da Hennelly suka gwada masu jin Turanci da harshen Wales, aka ga mutum ɗaya ya fi riƙe lambobi da Turanci saboda kawai sun fi saurin faɗa. Yanzu ƙirga da Hausa ka ji: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara, kowacce gaɓa biyu ce, alhali na Turanci kusan duka gaɓa ɗaya ne in ka cire bakwai. In yaron Bafulatani ne daga wajen Dukku kuma ka gwada shi da Fulfulde abin ya ƙara tsawo, don daga shida zuwa tara a kan biyar ake ɗora su. Saboda haka in ka gwada yaranmu da Hausa sannan ka auna sakamakon da ma'aunin da aka haɗa da yaran Ingila, za ka rubuta cewa ƙwaƙwalwarsu ta gaza, kuma ƙarya ka rubuta da hannunka ba ka sani ba. Mafita ita ce ka kwatanta rukuni da rukuni a cikin harshe ɗaya, ka rubuta harshen da aka yi gwajin da shi, ka kuma tambayi kowane yaro da wane harshe yake ƙirga kuɗi in an aike shi, don wani a gida Tangale yake ji ko Tera, a layi Hausa, amma lissafi da Turanci ya koya.

Haka gwajin Stroop na 1935, inda ake rubuta sunan kala da tawada mai wata kalar daban a ce ka faɗi kalar tawadar. Gwajin na aiki ne kawai in karatu ya zama jiki ga mutum har idonsa na karantawa ba da izininsa ba. Yaron da har yanzu haɗa baƙi yake, ko wanda ya fi ƙwarewa a ajami kan boko, zai ci gwajin cikin sauƙi ka ɗauka gwani ne wajen kame hankali. Ga kuma rikicin sunan kala, kai ka rubuta shuɗi shi kuma bulu ya sani, ka rubuta rawaya ya ce yalo. Ga ƙananan yara akwai wanda ba ya buƙatar karatu, na dare da rana da Adele Diamond da abokan aikinta suka fitar a 1994, a nuna hoton wata a ce yaro ya ce rana, a nuna rana ya ce dare. Wannan ya fi mana.

Ni kaina na sha ƙasa a kan gwajin Piaget na ruwa, a wata firamare da ba sai na faɗi sunanta ba. Na zuba zoɓo daidai wa daida a kofi biyu, na tambayi wata yarinya 'yar aji biyu ko daidai suke, ta ce e. Na juye ɗaya a wata doguwar kwalba a gabanta na sake tambaya, ta kalli kwalbar, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, can ta ce "na kwalbar ya fi, Malam." Na rubuta cewa ba ta kai matakin gane cewa sauya mazubi ba ya sauya yawan ruwa ba. Da aka tashi tara na ji tana ba ƙawarta labari a bakin taga, wai malamin nan ya sake tambayata shi ne na san na yi kuskure da farko. Toh fa. Ashe Rose da Blank sun lura da wannan tun 1974, cewa in aka yi tambayar sau ɗaya kawai bayan an sauya tsarin abin da ake gwadawa yara sun fi amsawa daidai. In haka ta faru da yaran turawa, ina ga namu da aka tarbiyyantar cewa in babba ya maimaita tambaya to gyara ake maka? Tun daga nan na daina shiga aji da babbar riga da hula, kuma nake barin wata ɗaliba matashiya ta yi tambayoyin a kan tabarma ni ina gefe da takarda.

Hatta ladan da za ka ba yaro ka duba shi. Gwajin haƙuri na Walter Mischel a Stanford, inda ake ajiye wa yaro abu ɗaya a ce in ya jira bai ci ba za a ƙara masa na biyu, da alewar turawa aka san shi, amma da Bettina Lamm da tawagarta suka yi shi da yaran manoma 'yan Nso a Kamaru fanke suka sa, kuma a sakamakon da ya fita a 2017 kusan kashi 70 na yaran sun jira minti goma, na Jamus ko kashi 30 ba su kai ba. Makwabtanmu ne fa.

In gwajin na da umarni a rubuce, fassara shi ta hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970: mutum ɗaya ya mayar Hausa, wani daban da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da Hausar Turanci, sai ku zauna ku ga inda ma'ana ta zame. Amma kar ka ba wanda zai rubuto maka Hausar labaran rediyo, yaro ɗan shekara shida a Jekadafari ba haka yake magana ba. Bayan nan ka yi gwajin share fage da yara goma ko sha biyar waɗanda ba za su shiga ainihin binciken ba, ka riƙe agogo, in zama ɗaya ya wuce minti ashirin rage shi don sun gaji tun kafin su faɗa.

Yawan mutanen da za ka gwada ba da ka ake yanke shi ba, kuma ba wai don na gaba da kai ya yi hamsin kai ma ka yi hamsin ba. Sauke manhajar G*Power mai lissafa maka yawan, kyauta ce, daga jami'ar Düsseldorf take. In kana kwatanta rukuni biyu kana sa ran bambanci matsakaici, wanda Jacob Cohen ya sa wa 0.5, kana son ƙarfin gwaji na kashi 80, wato damar gano bambancin in yana nan, za ta ce maka mutum 64 a kowane rukuni. In bambancin ƙarami ne, 0.2, sai kusan 394 a kowane ɓangare, wanda a gaskiya ɗalibin masta ba zai iya ba shi kaɗai. In lissafin ya fi ƙarfinka sauya tsarin, ka sa kowane yaro ya yi yanayin biyu duka ka kwatanta shi da kansa, amma rabi su fara da wannan rabi su fara da wancan, kar gajiya ko sabo su shigo maka a matsayin sakamako.

Maganar izini kuwa fara ta da wuri don tana cin wata da watanni. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka tukuna, ka karɓi takarda mai lamba don mujallar kirki sai ta tambaye ta. In firamaren gwamnati ce sai SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, daga nan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hedimasta. In unguwa za ka shiga ka fara gaida mai unguwa kafin kowa, in tsangaya ce alaramma, kuma ka je da wanda ya sani, kar ka faɗo masa da wasiƙa kamar ɗan haraji. Izinin hukuma ba ya maye na iyaye, ka karanta musu takardar da Hausa, wanda ba ya rubutu ya dangwala, ka faɗa musu ƙarara cewa ba allura ba ce, ba jini za a ɗiba ba, ba kuma jarrabawar da za ta hana yaro wucewa aji ba ce. Shi ma yaron a tambaye shi, in ya ce a'a ko ya fara kuka a bar shi ya tafi da biskit ɗinsa. Almajirin da iyayensa ke wani gari matsala ce ta daban, ka kai ta gaban kwamitin ɗa'a su rubuta maka wanda zai tsaya a madadin iyaye, kar ka yanke da kanka. 'Yan'uwa mata masu bincike kun fi mu sa'a a nan, don ku kuna shiga cikin gida ku zauna da iyaye mata, mu sai dai zaure.

Shekarun yaro ma aiki ne. A binciken girman yara wata shida na iya sauya komai, misali gane cewa wani na iya yarda da abin da ba gaskiya ba, wanda Wimmer da Perner suka gwada a 1983, wajen shekara huɗu yake fara zama. Rajistar makaranta sau da yawa ƙiyasi ce. Nemi katin riga-kafi ko takardar haihuwa, in babu tambayi uwar, da damina ne ko da sanyi, kafin babbar Sallah ko bayanta, ka kuma rubuta a fayil ɗinka wanne ne tabbas wanne ne ƙiyasi.

Ranar aiki ka rubuta abin da za a faɗa kalma da kalma kowa ya ji iri ɗaya. Raba yara rukuni da ƙuri'a, kar ka bar malamin aji ya zaɓo maka don zai turo masu ƙoƙarinsa ne ya fita kunya. Yi da safe kafin zafi, kauce wa azumi da satin jarrabawa da ranar kasuwar garin. In gwajin na auna saurin amsa ne manhajar PsychoPy kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, ka dai cika cajin laftof da fawa bank tun dare. Bayanan iyaye kuma manhajar KoboToolbox a waya ta isa.

Kafin ka gwada yaro na farko ka shiga OSF, shafin intanet da ake rajistar tsarin bincike, ka rubuta hasashenka da irin lissafin da za ka yi, ka kulle. Dalili shi ne a 2015 wata babbar tawaga ta sake gwaje-gwaje 100 da aka riga aka wallafa, kashi 36 kacal suka sake ba da sakamako mai ƙarfi, kuma cikin abin da ake zargi har da juya lissafi har sai ya faɗi abin da ake so. Za a samu mai ce maka a cire yara biyar ɗin nan a ga ko lissafin zai sauko ƙasa da 0.05, iyakar da ake cewa sakamako ya yi ƙarfi, in ka riga ka kulle tsarinka kana da abin nuna masa cikin ladabi. Rashin samun bambanci ma sakamako ne, ana kare shi a difens in yawan yaran da ka gwada ya isa. Lissafin kuma koya da kanka a manhajar JASP ko jamovi, duk kyauta, sati biyu ya ishe ka, don ranar difens mai shagon da ya yi maka ba zai tsaya kusa da kai ba in malamin waje ya tambayi me ya sa ka zaɓi wannan gwajin.

Kowace yamma in ka dawo ka shigar da sakamakon ranar, lamba a madadin sunan yaro, takardar da ke haɗa suna da lamba kuma a kulle ta daban. Ajiye kwafi uku, laftof, filash, da imel ɗinka, takardun asali kuma a saka su a leda a ɗora saman durowa saboda gara da yoyon damina.