Ga nas mai son aiki a ICU (sashen kula da masu tsananin jinya): ta ina za ki fara

'Yar'uwa idan kin gama makarantar nas kin karɓi lasin ɗinki na NMCN (hukumar nas-nas da ungozoma ta Najeriya) kuma zuciyarki na ICU, kar ki yi gaggawa. Fara neman a tura ki sashen ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko ATBUTH, wato asibitin koyarwa na Bauchi, ki zauna ki iya aikin da hannunki, wato saita na'urar taimakon numfashi, karanta monita, zuƙo majina ta bututu, da lissafin magani irin su adrenalin da ake sa wa a famfon tura magani ta jijiya, wannan lissafin fa kuskure kaɗan ne rai ya tafi.

Bayan kin ɗan kwana biyu sai ki nemi kwas ɗin ƙwarewa na kula da masu tsananin jinya, akwai shi a asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ki nemi hutun karatu a rubuce, kar ki yarda da alkawarin baki na oga.

Masu son fita waje kuma, Ingila sai da jarabawar Turanci ta IELTS ko OET sannan CBT (jarabawar aikin nas ta kwamfuta) da OSCE (jarabawar gwada aiki a aikace), Amurka jarabawar lasin nas ta NCLEX ce, Saudiyya kuwa jarabawar lasin da ake yi a cibiyar Prometric, kuma a ganina Saudiyyar ta fi sauƙi ga mai iyali. Ko ina ne dai ki guji ejan da ke cewa ki biya kafin ki ga takardar aiki.

Dutin dare yana cin jiki sosai, ki zauna da maigida ko su Mama ku tsara wa yara tun kafin rosta ta fito.